Sarakuna Goma Sha Biyu da Ba Su da Uwa

Tun da na dawo daga Alƙahira ban huta ba. A masallaci tambaya, a makaranta tambaya, har mai shayin bakin tasha sai da ya tsare ni wai in gaya masa ko da gaske ne koginsu ya fi na Wudil faɗi. Duk wanda na ce wa lafiya lau, ƙasa ce mai kyau, sai ya ce ai ba wannan ya tambaya ba. To ga shi na rubuta, mai tambaya in miƙa masa in huta. Amma in faɗa tun yanzu, wanda yake son labarin dalar Fir'auna ya nemi wani. Kwana goma sha takwas na yi a can cikin shekarar 2014, kuma mafi yawansu a durƙushe na yi su a kan kwali, ina rubuta sunayen wasu sarakunan Turawa da suka mutu tun shekaru ɗaruruwa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne. Nasiru, autanmu, ya samu tallafin karatu ya tafi Masar don ya karanci addini. Shekara biyu muna ta alfahari da shi. Sai wani ɗan garinmu ya dawo hutu ya saki baki a wajen ɗaurin aure cewa Nasiru ya bar sashen Shari'a tuntuni, ya koma koyon Jamusanci. Kafin la'asar maganar ta isa zauren Baba.

Mahaifinmu ya yi shekara talatin yana magatakardan hakimin garinmu. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma shi ya sa muke tsoronsa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, tun da na zama shugaban firamare sai ya koma ce mini Hedimasta. Ran nan ya kira ni ya ce, "Hedimasta, za ka je ka gano mini. In gaskiya ne, ka taho da shi." Iyakar maganar ke nan. Ni kuwa ko jirgin ƙasa ban taɓa shiga ba, balle na sama.

Wahalar farko tun a gida ta fara. Ban san yadda aka yi iyayen ɗaliban da ke karatu a Masar suka ji labarin tafiyata ba. Wata Hajiya daga Haɗeja, wadda ban taɓa gani ba, ta aiko da ƙullin kuka da daddawa a kai wa ɗanta. Wani ya kawo kilishi, wata ta kawo yaji a gwangwanin madara. Ranar da na hau mota zuwa Kano, kayana na kaina kala uku ne da hula biyu, sauran jakar duk amanar mutane ce. A cikin jirgi ban ci komai ba, don na ga ana ba kowa abinci ba a karɓi ko sisi ba, na ɗauka a ƙofar fita za a tare mu. Wata mata da ke kusa da ni ta cinye nata ta cinye nawa, ta kuma yi mini addu'a.

A filin jirgin Alƙahira wani jami'i mai gashin baki ya ɗauki lokaci yana duba katin rigakafina, ya dube ni, ya duba katin, kamar yana neman kamanni. Ya wuce da ni wajen bincike. Aka buɗe jaka, ya kwance ƙullin Hajiyar Haɗeja, ya kai hanci. Allah ya sani ban taɓa ganin babban mutum ya ja da baya da sauri haka ba. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, ya kira na uku. Larabcina na allo ne, na iya karanta shi amma ban iya ciniki da shi ba, sai na yi ta nuna baki da hannu ina cewa "ɗa'am, ɗa'am," wato abinci. Na ukun ya dube ni da tausayi sosai, ya ɗaure ƙullin da kansa, ya ce, "Yalla, ma'alish." Har yau ban san ko ni yake ba haƙuri ba ko wanda zai ci miyar.

Nasiru yana jirana a waje. Ya rame, ya yi haske, ya tara ɗan gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jaka, bai tambayi abin da ya kawo ni ba, ni ma ban faɗa ba. Muka shiga wata ƙaramar bas fara da suke kira mikrobas. Babu kwandasta. Kowa ya miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu zuwa hannu har ya isa wurin direba, canji kuma ya biyo ta hanyar da kuɗin suka bi. Da wani ya dafa kafaɗata ya danƙa mini kuɗi, sai na riƙe ina godiya, don na zaci irin karramawar da ake wa baƙo ce. Motar duka ta juyo tana kallona. Nasiru ya zare kuɗin daga hannuna a hankali ya tura gaba, na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Masaukinsu a Madinat Nasr yake, unguwar ɗalibai, hawa na shida a wani dogon bene. Su biyar ne a gidan. Na'urar hawa benen da ka shiga ta rufe sai ta fara karanto addu'ar tafiya da muryar wani malami. Ranar farko na amsa da amin da ƙarfi, na waiga ina neman mai addu'ar. Wanda ya fi sakin jiki da ni a cikinsu shi ne Mustafa, ɗan Damagaram, mai karatun hadisi, wanda Larabcin Masar ya zauna a bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Shi ya koya mini yadda ake sayen burodi ba tare da an sauka ba: a zura kwando da igiya daga baranda, a ƙwalla wa mai kanti kira, ya zuba, a ja. Na ce da matan garinmu za su ga wannan da an daina aiken kowa.

Abinci kuwa sai haƙuri. Da safe wake, wanda suke kira ful, da wani ƙosai kore a ciki. Da rana wani abu wai shi koshari: shinkafa da taliya da makaroni da wake iri biyu duk a kwano ɗaya, kamar an share kasuwar hatsi an dafa. Na ci, ya kuma yi daɗi, amma har na gama ban yarda da shi ba. A kwana na uku na sauka ni kaɗai, na tarar da maigadin benen, wani dattijo da ake kira Ammu Sayyid, ya baje abincinsa a kan benci. Ya ce mini, "Itfaddal," wato bisimilla. A wajenmu wanda ya yi maka tayi ka ƙi, ka raina shi. Na wanke hannu na zauna. Na cinye rabin wakensa da burodi biyu, yana ta murmushi yana ƙara turo mini kwanon. Da na ba Mustafa labari sai ya dafe kai. "Malam, ai a nan tayin baki ne kawai! Cewa ake shukran a wuce. Abincinsa na yini ke nan." Washegari na sauka da kilishin wani bawan Allah na kai wa dattijon. Mai kilishin ya yafe mini, in yana karanta wannan.

Sai a rana ta huɗu, bayan sallar asuba, na zaunar da Nasiru. Bai yi mini gardama ba. Ya ce gaskiya ne. Ya ce haddarsa tana nan, kuma yana zuwa darasin fiƙihu a masallaci, amma shi tafinta yake so ya zama, kuma tsoron Baba ya hana shi faɗa. Na ce to ya haɗa kayansa. Sai ya ce, "Yaya, ko ba ka zo ba wataƙila da kaina zan dawo." Ashe akwai darasi guda da ya faɗi bara, tarihin ƙasar Ostiriya, inda ake magana da Jamusanci, a zamanin da. Saura kwana tara ya sake shi, kuma jarrabawar ta baka ce, gaban malami. In ya sake faɗuwa, tallafin ya tafi, gurbinsa ya tafi, takardar zamansa ma ba za a sabunta ba. Zai koma gida ba Shari'a, ba Jamusanci, shekara biyu a banza. Ya faɗi haka yana kallon tabarma. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, amma tausayinsa ya fi yawa. Na ce a bari ya yi jarrabawar tukuna, in ya so ko tafiya za a yi, a tafi da kai a ɗage.

Na ce ya nuna mini abin da ya gagare shi. Ya ɗauko wasu takardu da aka yi wa hoto har rubutun ya dusashe, ya buɗe wani shafi mai zanen bishiyar zuri'a. Ya ce gida ɗaya ne ya mulki ƙasar kusan shekara ɗari uku, mutum goma sha biyu. Na ce sha biyu kacal? Ɗan aji uku a makarantata zai haddace su kafin a tashi tara. Ya ce in duba da kyau. Na duba. Shida daga cikinsu sunansu ɗaya. Biyu kuma sunansu ɗaya, wasu biyun ma haka. Sai lamba ake sa musu kamar motocin haya. Wani ya gaji ubansa, wani ya gaji wansa, kuma na huɗun wani sunan shi ne na bakwai a jeri. Kaina ya ɗaure tamau.

"To su ɗin sarakuna ne ko hakimai?" na tambaye shi.

"Ba ko ɗaya, Yaya. Na farkon margaraf ake ce musu. Daga baya aka ɗaga su suka zama hazog."

"Wanne ne babba?"

"Hazog. Amma akwai margaraf ɗin da ya fi wani hazog ƙarfi."

"To wa ke naɗa su?"

"Babban sarkinsu, kaisar. Amma wani lokacin ba kaisar ba ne, sarki ne kawai, sai ya je an naɗa shi a wata ƙasa."

Na ce ya dakata haka nan, kada ya ƙarasa ni. Da na matsa masa da tambaya sai na gane margaraf mutum ne da aka ajiye a bakin iyaka ya tsare ƙasa daga maƙwabta. Na ce ashe Galadima ne, irin wanda Borno ta ajiye a Nguru. Nasiru ya ɗago kai ya ce wallahi shekara guda yana karanta abin nan ba wanda ya faɗa masa haka. Nan fa kaina ya kumbura. Kuma na lura kowane ɗaya yana da laƙabi: akwai Ƙaƙƙarfa, akwai Mai Nasara, akwai Kyakkyawa, akwai Mai Kyauta, na ƙarshensu kuma Mai Rigima. Na ce wannan ai aikin gidanmu ne. Tun muna yara muke jin Baba yana jero hakiman garinmu ranar salla, wane ɗan wane, ya yi shekara kaza, ga kirarinsa, sai wane ya hau. Ba mu taɓa zama mun koya ba, amma ko cikin barci aka tashe mu za mu kawo shi. Na ce wa Nasiru ya bar mini, zan mayar masa da Turawan nan jerin da kunne zai riƙe.

Mustafa ya raka ni kasuwar Ataba sayen kwali da alƙaluma masu launi. Kasuwar Kwari da Sabon Gari in aka haɗa su aka zuba musu motoci, to an kusa. Tsallaka titi a can ba a jiran mota ta tsaya, don ba za ta tsaya ba. Shiga ake yi a yi ta ratsawa. Na tsaya a gefe har wata tsohuwa mai ɗauke da buhun albasa ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa ɗaya gefen, ta sake ni, ko waiwaye ba ta yi ba.

A kwanakin nan Nasiru kusan kullum yana layin sabunta takardar zama, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye an ce ya komo gobe. Ni kuma na baje kwali a tsakar ɗaki. A nan na yi abin da na yi. A jikin bishiyar, gefen kowane namiji, akwai wasu zobba biyu a sarƙe da suna da ƙananan baƙaƙe, wasu sunayen kuma suna rataye a ƙasa. Na tambayi Mustafa, ya duba bayanin Larabcin da ke gefe ya ce matansu ne da 'ya'yansu mata. Na ce to madalla, aiki ya ragu. Wa ya taɓa jin an ambaci mace a jerin sarauta? Shekara arba'in ina jin na garinmu, ban taɓa jin sunan mace ko ɗaya ba. Na tsallake su kaf, har ina jin haushin mai littafin da ya cika shafi da abin da ba shi da amfani. A ƙarshen bishiyar na ga Mai Rigima ya mutu a wajen yaƙi bai bar ɗa ba, sai ga sunan wani ɗan sarkin maƙwabta ya biyo baya. Ban ga abin tambaya ba. Na rubuta: sai baƙo ya ci ƙasar.

Jerin ya yi kyau, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Na sa masa kari irin na Baba, kowa da kirarinsa. Cikin kwana uku Nasiru ya riƙe shi, yana wanke-wanke yana rerawa. Ɗaliban gidan duka suka kama, har na ji wani mai karatun tafsiri a banɗaki yana yi wa Kyakkyawa kirari. Shi Nasiru bai koma kan takardun ba. Abin da ya kayar da shi bara rikicewar sunaye ne, ya ɗauka shi ne kaɗai ciwonsa. Ga shi a shekarar makaranta ta sha rufewa saboda hargitsin da ake yi a gari, ba a kai ga koyar da ƙarshen darasin a aji ba. Ya yarda da kwalin yayansa, hedimasta guda.

Ranar jarrabawa na bi shi na zauna a wani benci a farfajiya, na sa babbar riga saboda muhimmancin ranar, zafi kuwa kamar a bakin tanda. Bai fi minti ashirin ba ya fito. Tun daga nesa na sha jinin jikina. Ya zo ya tsaya a kaina, idonsa ja.

"Yaya, ina matan?"

"Waɗanne mata?"

"Na jero masa sha biyun ban yi tuntuɓe ba. Har ya ce mumtaz, wato ya yi kyau ƙwarai. Sai ya ce to bayan na ƙarshen ya mutu, da wace hujja baƙon ya karɓi ƙasar? Na ce da yaƙi. Ya ce a'a. Ya ce wa ya aura? Ya ce wace ce ta yi jayayya da ita? Yaya, ban san ko ɗaya ba."

A kan bencin nan ya buɗe takardun, muka bi ƙananan baƙaƙen da na tsallake. Ashe lokacin da aka ɗaga gidan daga margaraf zuwa hazog, an ba su takarda cewa in namiji ya ƙare, mace tana iya gado. Ashe Mai Rigima ya bar 'yar'uwa, bazawara, ya kuma bar 'yar ɗan'uwansa, kowacce tana cewa ita ce. Baƙon nan, saurayi da shi, sai ya auri bazawarar da ta girme shi da fiye da shekara ashirin, ya shiga ƙasar ta ƙofarta. Tun can baya ma, ɗaukakar gidan ta faro ne daga ranar da ɗayansu ya auri 'yar kaisar. Rabin labarin yana cikin abin da na zubar. An aiko ni in dawo da yaro gida, ga shi na dawo da shi ɗin, amma ta hanyar da ban taɓa nufa ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari na ce wa Mustafa ya kai ni wurin malamin. Ya ce ba a yin haka. Na ce a garinmu ana yi. Muka yi awa biyu a ƙofar ofis, aka aika mu hawa na uku, na ukun suka mayar da mu na ɗaya, wani ya ce Duktur, wato malamin, ya tafi, wani ya ce bai zo ba, alhali yana ciki yana shan shayi. Dattijo ne gajere mai furfura da tabarau a kan hanci. Na warware kwalin a kan teburinsa, na ce Mustafa ya gaya masa laifin nawa ne, ni na cire matan, yaron bai sani ba. Duktur ya daɗe yana kallon kwalin. Ya tambayi mene ne rubutun da ke ƙarƙashin kowane suna. Mustafa ya ce kirari ne, ya yi ƙoƙarin bayyana masa. Sai Duktur ya ce yana so ya ji.

Haka na tsaya a tsakiyar ofis, da babbar riga, na ɗaga murya na jero sarakunan Ostiriya da Hausa. Masu aiki suka leƙo, mai kawo shayi ya tsaya da faranti a hannu. Da na kai ƙarshe Duktur ya cire tabarau yana share hawaye don dariya. Sannan ya natsu, ya ƙirga sunayen da yatsa, ya yi magana. Mustafa ya juyo ya ce, "Wai yana tambaya, ya ustaz, mutum goma sha biyu, duk cikinsu ba mai uwa?" Duktur ya ce bai miƙa sakamako ba tukuna. Nasiru ya dawo bayan kwana goma, zai tambaye shi a kan matan kaɗai, kuma ba zai sassauta ba. Ya roƙi in bar masa kwalin. Har yanzu ban sani ba ko don ya burge shi ne, ko don ya riƙa nuna wa ɗalibai yadda ba a yi.

Jirgina saura kwana huɗu, ba halin canzawa. Mustafa ya kai ni Arba wa Nus, wata unguwa a gabashin gari inda Sudanawa suka yi yawa, muka ci tuwo a wurin wani Bahaushen Sudan da kakansa ya tashi daga Katsina da ƙafa zai je hajji bai ƙarasa komawa ba. Hausarsa rabi Larabci ce, ya yi ta tambayata mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Baba. Tuwon ya yi daɗi amma bai wuce mini da sauƙi ba. Na bar Nasiru a kan takardunsa, na hau jirgi ni kaɗai, ina ta juya abin da zan faɗa a gida. An ce in taho da shi ban taho da shi ba, kuma ban san ko ya tsira ba.

Na isa garinmu bayan la'asar. Baba yana zaure a kan buzunsa. Bayan gaisuwa ya dubi bayana, ya ga ba kowa. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da kwalin. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Karanto mini jerin."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya maimaita. Na fara. Ya rufe ido yana gyaɗa kai a kan karin, kamar yadda yake yi in wani yana karanta wasiƙa a gabansa. Da na zo wurin da na ce sai baƙo ya ci ƙasar, ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Nan akwai rami. Baƙo ya zo ya zauna, manyan gari suka yi shiru? Ta wace mace ya shiga?"

Na ce, "Baba, ai ku ma ba ku ambatar mata a namu."

"A dandali ba a ambata," in ji shi. "Hakimi na huɗu da kake ji ina cewa ɗan wane, ka taɓa jin sunan uban nasa a cikin hakimai? 'Yar na biyu ce ta haife shi. Ba don ita ba da har yau gidansu fatauci suke yi. Duk magatakarda ya san wannan. Kai ranar salla kawai kake saurare, Hedimasta, ba ka taɓa zuwa ka tambaya ba."

Ya ce in kira masa yaron. Na danna lambar, na tabbata cewa zai yi ya tattaro ya dawo. Na ji muryar Nasiru ta cikin wayar yana gaisuwa, a tsorace. Baba bai amsa gaisuwar da tsawo ba.

"Nasiru, tsakanin 'yar'uwar mamacin da 'yar ɗan'uwansa, wace ce takardar ta fi ba ƙarfi?"

Nasiru ya fara bayani, yana inda-inda, Baba yana tare shi da tambaya. Wa ya aure ta da farko? Ta haihu da shi? Manyan ƙasar wa suka bi? Inda Nasiru ya kasa, sai Baba ya ce ya je ya duba, gobe war haka zai sake kira. Kwana shida ana haka a wayata, kullum bayan la'asar. Maganar Shari'a da Jamusanci ba ta taso ba ko sau ɗaya.

Ran na bakwai Nasiru ne ya kira. Ya ci, da maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi. Na gaya wa Baba a zaure. Ya ce alhamdu lillahi. Na jira, don har lokacin bai janye umarninsa ba, kuma ni aka ba. Da na ga zai tashi alwala na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, to zancen dawowarsa fa?"

Ya sa takalminsa, ya ɗauki buta.

"Ka ce masa ya ƙarasa," in ji shi. "Kuma in zai sake neman taimako, ya kira ni, kada ya kira ka."